Wane salon madogara zan bi idan zan tura maƙalata mujallar falsafa?

Tambaya: Ina koyarwa a sashen falsafa, kuma na ciro maƙala daga kundin digirina na uku, inda na kwatanta ra'ayin Imam Ghazali da na David Hume kan alaƙar sababi da abin da yake haifarwa. Da salon APA na rubuta kundin, don shi makarantarmu ta wajabta. Yanzu ina son tura maƙalar wata mujallar falsafa ta ƙasar waje. Wani ya ce in mayar da ita Chicago, wani ya ce MLA. Wanne ne daidai? Kuma me ke sa a dawo wa mutum da maƙala ko karantawa ba a yi ba?

Amsa:

Malama, a cikin waɗanda suka ba ki shawara babu wanda ya faɗi daidai gaba ɗaya, domin fannin falsafa ba shi da salo guda da kowa ya yarda da shi. Masu nazarin halayyar ɗan'adam suna da APA, malaman adabi a Amurka suna da MLA, mu kuwa kowace mujalla da nata tsarin. Mind da Analysis suna sa sunan marubuci da shekara cikin baka biyu a tsakiyar rubutu, su jera manazarta a ƙarshe. Journal of Philosophy da Ethics kuma a ƙasan shafi suke zuba madogara. Sai kin san inda za ki tura maƙalar sannan za ki san salon da za ki bi.

Ga aiki irin naki, wuraren da za ki fara leƙawa su ne British Journal for the History of Philosophy, Journal of the History of Philosophy, Arabic Sciences and Philosophy, Philosophy East and West, ko Hume Studies idan nauyin maƙalar ya fi karkata wajen Hume. Kowace tana da shafin ƙa'idojin marubuta a intanet. Ki karanta shi tun daga sama har ƙasa, sannan ki sauke maƙala biyu daga fitowarta ta baya-bayan nan ki ajiye kusa da taki. Gani ya kori ji. Abin da ƙa'idojin suka yi shiru a kai, kamar yadda suke taƙaita sunan littafi ko rubuta sunan Balarabe, a nan za ki gan shi ƙarara.

Za ki tarar mujallu da yawa sun ce a turowar farko ba ruwansu da salon da kika bi, muddin dai iri ɗaya ne daga farko har ƙarshe, sai an karɓi maƙalar sannan a nemi ki daidaita ta da nasu. To kada ki ɓata makonni kina sauya wurin waƙafi da aya. A aikin tantance maƙala ban taɓa ganin an mayar da aiki mai kyau saboda waƙafi ba. Idan mujallar ba ta fayyace ba, ki bi Chicago, tsarinsa na suna da shekara, don shi ya fi kusa da abin da yawancinsu ke yi, kuma daga APA zuwa can tafiyar ba nisa. Ki lura da bugun da kike bi. Na 17, wato na 2017, ya daina ƙarfafa amfani da ibid., kalmar da ke nuna madogara ɗaya ce da wadda aka kawo kafinta, na 18 kuma, na 2024, ya sauke wajabcin rubuta garin da aka buga littafi. Ga yadda abin yake: a cikin rubutu ki sa (Gettier 1963, 122), a manazarta kuma Gettier, Edmund L. 1963. "Is Justified True Belief Knowledge?" Analysis 23 (6): 121–123. Shi ke nan. Wannan ɓangaren ko ɗalibin aji biyu zai iya yi miki.

Abin da APA yake koya wa mutum wanda zai cutar da ke a nan shi ne sakaci da lambar shafi. A APA, idan ba kalmomin marubuci kika ɗauko kai tsaye ba, ana iya wucewa da suna da shekara kawai. Wannan ya dace da masu kawo sakamakon gwaji, inda maƙalar duka abu ɗaya take faɗa. A falsafa kuwa a kan jimla ɗaya ake kwana ana gardama. Idan kin rubuta cewa Hume ya musanta samuwar sababi, kika bi shi da (Hume 1739), kin jefa wa mai tantancewa littafi mai ɗaruruwan shafuka kin ce ya nemo da kansa. Ba zai nema ba. Abin da zai ɗarsu a ransa shi ne ko dai ba ki karanta ba, ko kin ji a bakin wani. Kuma masana Hume sun daɗe suna saɓani kan ko ya musanta samuwar sababi ne ko kuwa iya saninmu game da shi ya taƙaita, saboda haka wurin da kika dogara da shi, har sakin layinsa, shi ne rabin hujjarki. Duk inda kika ce wane ya ce, ko da da naki kalmomin ne, ki sa shafi.

Sai dai ga manyan magabata, lambar shafin ma ba ta wadatarwa, kuma a nan ne ake gane wanda ya zauna a fannin. Kin san mai kawo aya ba ya cewa tana shafi kaza na Alƙur'aninsa, sura da lambar aya yake faɗa, sai masu bugu daban-daban duk su je wurin ko da shafukansu sun bambanta. To irin wannan aka yi wa littattafan da aka buga sau ɗari, aka fassara sau ɗari: an ɗauki bugu ɗaya aka mai da lambobinsa na kowa, kuma kowace fassara ta kirki tana ɗauke da su a gefen shafi.

Na Aflatun, wato Plato, daga bugun da Henri Estienne, wanda ake kira Stephanus, ya fitar a Janiba a 1578 aka ɗauko. Kowane shafi an raba shi da haruffa daga a zuwa e. Misalin mutanen da aka ɗaure a cikin kogo yana farawa a Republic 514a, kuma ko da Girkanci mutum yake karantawa, ko Larabci, ko Faransanci, zai same shi a 514a. Na Aristotal daga bugun Immanuel Bekker ne na Balin, 1831, inda ake ba da shafi, da gefen a ko b, da layi. Tun da a kan sababi kike rubutu, da wuya ki tsallake sababai huɗu na Aristotal, kuma wurinsu Physics II.3 ne, daga wajen 194b23. Idan fassarar da ke hannunki ba ta da waɗannan ƙananan lambobi a gefe, ki ajiye ta don karatun dare, ki nemo wadda take da su don aiki. Wannan ya shafi yawancin tsoffin fassarorin da ake saukewa kyauta.

Kant ya fitar da Critique of Pure Reason sau biyu, a 1781 da 1787, kuma ya yi sauye-sauye masu yawa a tsakani, shi ya sa ake kiran na farko A, na biyu B, a haɗa lambobinsu. Inda ya yi maganar sababi, wadda ake ɗauka martani ce ga Hume, yana farawa a A189/B232. Sauran littattafansa da juzu'i da shafin bugun Akademie ake kawo su, kamar 4:421. Descartes da bugun Adam da Tannery, a taƙaice AT, misali AT VII 25. Wittgenstein da lambar sashe, kamar §43.

Hume naki kuwa ga yadda ake yi masa. Littafinsa Treatise ana taƙaita shi da T, a bi shi da lambobi huɗu: littafi, kashi, sashe, sakin layi. Ma'anoni biyun da ya ba sababi suna T 1.3.14.31. Littafinsa Enquiry kuma EHU ne, da sashe da sakin layi, kuma ma'anonin sun sake fitowa a EHU 7.29. Da yawa suna ƙara lambar shafin tsohon bugun Selby-Bigge da Nidditch, sai ki ga T 1.3.14.31, SBN 170, domin tsofaffin littattafan sharhi duk da wannan bugun suka yi aiki. Idan Hume Studies za ki tura, wannan tsarin shi ne abincinsu. Ko ba can ba, mai tantance maƙala a kan Hume idan ya buɗe ya ga waɗannan lambobin, hankalinsa yakan kwanta tun kafin ya shiga hujja.

Wannan kuma yana warware miki wani abin dariya da tsarin suna da shekara ke haifarwa, inda za ki ga (Plato 1997) ko (Kant 1998), sai ka ce jiya suka yi ritaya. Shekarun fassara ne. Ga magabata ki yi amfani da taƙaitaccen sunan littafi da lambobinsa na kowa, sannan a bayanin ƙasan shafi na farko ki faɗi, sau ɗaya, ma'anar kowace taƙaitawa, da bugun da kika yi aiki da shi, da mai fassarar. Idan dole sai an sa shekara, Chicago ya yarda a haɗa ta asali da ta bugun hannunki, kamar (Kant [1781] 1998).

Imam Ghazali shi ne inda za ki ɗan yi gumi, domin littattafan falsafar Musulunci ba su samu lambobin da kowa ya haɗu a kai ba. Tahafut al-Falasifa yana da mas'aloli ashirin, kuma maganar wuta da auduga, cewa haɗuwarsu ba ita ke wajabta ƙonewa ba, tana mas'ala ta 17. Ki riƙa faɗin lambar mas'alar kullum, don ita ce ba ta canzawa. Sannan ki zaɓi bugun da masana suka sani: na Maurice Bouyges da aka yi a Bairut a 1927, ko na Michael Marmura mai Larabci da Ingilishi fuska da fuska, wanda ya fito a 1997 aka sake shi da gyara a 2000. Ki faɗi wanne daga cikin biyun Marmura kike nufi, don shafukansu ba su zo ɗaya ba. Idan kin kawo raddin Ibn Rushd a Tahafut al-Tahafut, akwai bugun Bouyges na 1930 da fassarar Simon van den Bergh ta 1954. Na san abin da ya fi sauƙin samu a kasuwar Kurmi ko a PDF shi ne bugun kasuwa na Bairut ko Alƙahira, wani ma ba sunan mai tahƙiƙi a jikinsa. Ki yi karatu da shi, babu laifi, amma duk nassin da za ki ɗora hujja a kansa ki gwada shi da bugun da aka tace, ki ba da shafi, har da layi idan hali ya yi. Kalma ɗaya da maɗaba'a ta ci tana iya juya ma'anar jimla, kuma mai tantancewa da bugun Marmura zai duba ki.

Idan ke kika fassara nassin da kanki, ki faɗa. Jin Larabcinki jari ne a wannan fage, kada ki ɓoye shi. A bayanin farko ki ce duk fassarar Larabci taki ce sai inda kika nuna akasin haka. Idan ta Marmura kika ɗauko kika sauya kalma ɗaya, ki ce kin yi wa fassarar gyara, kuma idan hujjarki a kan wannan kalmar ta rataya, ki kawo Larabcinta ki faɗi dalili. Wajen rubuta Larabci da haruffan boko ki ɗauki tsari ɗaya, wanda mujallar ta ce, ko na mujallar nazarin Gabas ta Tsakiya da ake kira IJMES idan ba ta ce komai ba, mai ɗigo a ƙarƙashin wasu haruffa da ja a kan dogayen wasula. Ba a so a ga Ghazali a shafi na biyu, al-Ghazzali a na biyar, Algazel a na tara. A jerin manazarta ba a lissafa "al-", wato a ƙarƙashin G zai zauna. Farkon ambaton malami kuma a kan sa shekarar rasuwarsa ta Hijira da ta Miladiyya, shi Ghazali 505/1111, Ibn Rushd 595/1198.

Wani abu da nake yawan gani a maƙalun da aka ciro daga kundi shi ne kawo maganar da ba a gani da ido ba. Mutum ya tsinci jimlar Hume a littafin wani, ya kwafe ta har da lambar shafin, ya jera littafin Hume a manazarta kamar ya buɗe shi. Idan wancan ya yi kuskure, kin gaji kuskuren kuma da sunanki za a kira shi. Ki koma asali. In ya gagara, ki rubuta gaskiya, cewa kamar yadda wane ya kawo a shafi kaza. Amma ga Hume da Ghazali ba a karɓar wannan uzurin, tun da su ne maƙalar. Abin da kika sa cikin alamar zancen wani kuma ya zama harafi da harafi, har tsohuwar hanyar da Hume ke rubuta wasu kalmomi. Idan kin tsallake wani abu ki sa ɗigo uku, idan kin ƙara kalma ki sa ta cikin baka mai kusurwa, idan ke kika karkata rubutun wata kalma don jan hankali ki ce ke kika yi.

Ga kuma wani ɗan gargaɗi da ya shafi batunki kai tsaye. Kamannin ra'ayi daban, tasiri daban. Idan kin ce maganar Ghazali ta yi kama da ta Hume, nassi biyu gefe da gefe sun ishe ki. Idan kuwa kin ce Hume daga Ghazali ya ɗauka, to madogara ce za a tambaye ki, ta wace hanya, ta wace fassara, a wace shekara. Cikin waɗanda Hume ya ambata da kansa a ƙasan shafi a T 1.3.14 akwai Malebranche na Faransa, amma babu Ghazali. Jimla ɗaya ta da'awar tasiri ba tare da hujja ba tana iya sa a daina yarda da sauran shafuka ashirin.

Yanzu ga tambayarki ta biyu, abin da ke sa a dawo da maƙala tun daga ƙofa. Na farko shi ne suna. Kusan duk mujallun falsafa suna ɓoye marubuci daga masu tantancewa, wasu kamar Mind da Ergo har editan da ke yanke hukunci ba ya sanin ko wane ne. Cire suna daga shafin farko kowa ya iya. Inda ake faɗuwa shi ne godiya ga mai duba kundi da 'yan sashe, ambaton tallafin TETFund da lambarsa, "kamar yadda na nuna a kundina", sunan taron da aka gabatar da ita, da sunan fayil ɗin kansa, wanda sau da yawa sunan mutum ne da shekara. Akwai kuma sunan da Word ke binnewa a cikin fayil da sharhin gyare-gyaren da abokin aiki ya bari a gefe. Ki shiga File, Info, Check for Issues, ki danna Inspect Document ki share su, sannan ki duba bayanan PDF ɗin idan shi za ki tura. Sunanki, wurin aiki, lambar shaidar mai bincike ta ORCID da godiya duk suna tafiya a takarda daban ko a gurabun da shafukan tura maƙala irin su ScholarOne ko Editorial Manager suka tanada.

Aikinki na baya kuma, idan dole ne a kawo shi, ki duba abin da mujallar ta fi so. Wasu suna cewa a ambace shi kamar na wani, da suna da shekara ba tare da "na ce" ba, wasu kuma a goge sunan a sa alamar cewa an cire don tantancewa. Ni na fi son ta farko, don gurbin da aka goge yakan fi tona asiri. Idan kin riga kin ɗora maƙalar a PhilArchive ko Academia ko ResearchGate, ki sauke ta ko ki sauya take kafin ki tura. Kuma ki gaya wa edita a gajeruwar wasiƙar rakiya cewa daga kundinki aikin ya fito. Wannan halal ne a ko'ina, amma idan manhajar gano satar fasaha ta ci karo da kundin a rumbun jami'a, gara a ce kin riga kin faɗa.

Na biyu tsawo. Analysis ba ta wuce kalma 4,000, kuma maƙalar Gettier da na kawo a sama, wadda ta tayar da ƙura shekara da shekaru, shafi uku ce. Yawancin sauran suna tsakanin 8,000 da 12,000, kuma sau da yawa da bayanan ƙasan shafi da manazarta ake ƙirgawa. Ki duba wannan da kyau. Na uku, wanda ya fi su kisa, shi ne maƙala ta zo da kayan kundi a jikinta: shimfiɗa, dalilin bincike, farfajiyar bincike, bitar ayyukan da suka gabata, tarihin haihuwar Ghazali a Ɗus da karatunsa a Naisabur. Masu karanta waɗannan mujallu sun san wane ne shi. A shafin farko suke son su ji abin da kike da'awa, da wanda kike saɓa wa, da yadda za ki tabbatar. Manazarta ma ki rage ta. Abin da kika ambata a cikin maƙalar kaɗai ke shiga, kuma duk abin da kika ambata sai ya shiga. Amma ki tabbata ayyukan da aka yi kan sababi a wurin Ghazali a 'yan shekarun nan suna ciki, irin na Frank Griffel, don mai yiwuwa ɗaya daga cikin masu irin waɗannan ayyukan ne zai karanta ki.

Tsarin shafi ba shi da wata wahala: rubutu mai girman 12, tazara tsakanin layuka, lambar shafi a kowane shafi don mai tantancewa ya iya cewa "a shafi na 14". Dogon zancen wani a ware shi a tura shi ciki, ba alamar zance. Sunan littafi da na mujalla da rubutun tsutsa, taken maƙala cikin alamar zance. Ki zaɓi rubutun Ingilishin Ingila ko na Amurka ki tsaya a kansa. Abu biyu ne na 'yan falsafa musamman. Idan hujjarki tana da matakai, ki jera su da lambobi, P1, P2, sannan sakamako, don a iya cewa ga wanda ba a yarda da shi ba. Kuma idan a kan kalma kike magana, ba a kan abin da take nufi ba, ki sa ta cikin alamar zance. Tsakure kuwa, wanda galibi bai wuce kalma 150 zuwa 200 ba, ya faɗi matsayar da kika kai. "Wannan maƙala za ta yi nazari a kan" ba ya gaya wa edita komai, alhali da tsakuren yake yanke shawarar wa zai aika wa.

Kan abin da aka samo a intanet: Stanford Encyclopedia of Philosophy ana kawo shi, amma ana sabunta maƙalunsa, shi ya sa suke adana kwafi sau huɗu a shekara. Ki kawo sunan wanda ya rubuta maƙalar, da kwafin da aka adana, da adireshinsa mai ɗauke da kalmar archives. Kada dai ya zama shi ne ginshiƙin fahimtarki ta Hume. Wikipedia ba ta shiga. Maƙalun mujallu ki haɗa da lambar DOI, wato lambar da ake nemo maƙala da ita a intanet, idan suna da ita. Zotero, wato manhajar tsara manazarta, kyauta ne, kuma da shi za ki iya juya manazarta daga APA zuwa Chicago cikin minti ɗaya, sai dai abin da aka zuba masa shi yake fitarwa, kuma sunayen Larabawa da na Hausawa yakan birkita su, sai kin bi da hannu. Manhajojin nan masu rubuta wa mutum amsa kuwa suna ƙirƙiro maƙalun da babu su, da sunan masani na gaske da shafuka da komai. Duk madogarar da ba ki buɗe da idonki ba, ki nemo ta a PhilPapers, rumbun maƙalun falsafa a intanet, ko ki gwada lambar DOI ɗinta. Ƙungiyar COPE mai kula da ɗa'ar wallafa ta bayyana tun 2023 cewa irin waɗannan manhajoji ba sa zama marubuta, kuma maɗaba'u da yawa suna neman a faɗa idan an yi amfani da su.

Idan wata rana aikinki ya juyo gida, misali kan Abdulƙadir ɗan Tafa ko wani daga malaman Sakkwato, rubutun hannu ana kawo shi da sunan ma'ajiya, kamar Gidan Arewa a Kaduna ko ɗakin tarihi na Waziri Junaidu, da lambar da suka ba shi, da lambar warƙa da fuskarta. Juzu'i na biyu na Arabic Literature of Africa da John Hunwick ya tattara, na 1995, shi ake fara dubawa don daidaita sunan littafi da inda kwafinsa suke. Hira da dattijo kuma da wuri da rana da harshen da aka yi ta, da izininsa kan ko a faɗi sunansa.

Mujalla ɗaya ake tura wa a lokaci ɗaya. Tura wa biyu a tare laifi ne da editoci ba sa mantawa, kuma duniyar masana Hume da Ghazali ƙarama ce, mutum ɗaya na iya samun maƙalarki daga wurare biyu. Jira yakan kai watanni. Idan lokacin da suka ɗiba ya wuce, ki aika gajeren saƙo na ladabi ki tambaya. Manyan mujallun suna mayar da fiye da tara cikin kowace goma, don haka ki tanadi ta biyu da ta uku tun yanzu, kuma wannan ma wani dalili ne na kada ki kashe kanki kan salon guda ɗaya. Idan an ce ki gyara ki sake turowa, labari ne mai daɗi, sai ki haɗa da takarda mai bin kowane ƙorafi ɗaya bayan ɗaya, da shafin da kika gyara, da dalilinki a inda ba ki yarda ba. Wadda kuwa ta aiko miki imel tana yabonki, ta yi alkawarin bugawa cikin mako biyu idan kin biya dala kaza, ki rabu da ita ko da lokacin ƙarin girma ya matso. Yawancin mujallun falsafa na gaske ba sa karɓar ko kwabo, sai ga wanda ya zaɓi a buɗe maƙalarsa kyauta ga kowa.

In Allah ya sa aka karɓa, a lokacin ne za ki zauna ki bi salonsu waƙafi da waƙafi, ki mayar da suna da godiya. Bayan nan za a turo miki shafukan da aka tsara don dubawar ƙarshe, galibi da wa'adin 'yan kwanaki. Masu tsara shafin ba su san Larabci ba, ba su san Bekker ba. Ki bi ɗigon ƙarƙashin haruffa da jan kan wasula ɗaya bayan ɗaya, ki duba ko ƙ da ɗ na sunanki ko na wani da kika ambata sun tsira, ki tabbata 194b23 bai koma 194, 623 ba, kuma duk inda kika ce "duba shafi na kaza a sama" ki daidaita shi da sabbin lambobin shafi.